Murjani da Mahajjata: Tarihin Wani Dutse Mai Rai a Bahar Maliya

Duk wanda ya saurari kiran sunayen ɗalibai a wata makarantar 'yan mata a Ƙanƙara, ko Faskari, ko Sabuwa, zai yi wuya bai ji an kira Murjanatu ba, ko a taƙaice Murja. Sunan ya zauna daram a bakinmu har ba ma tsayawa mu tambayi asalinsa. Alhali kuwa suna ne na wata halitta da ke zaune a ƙarƙashin teku, kuma daga waɗannan garuruwa zuwa gaɓar teku mafi kusa akwai tazarar fiye da kilomita 600. Ko da mutum ya kai Legas ma ba zai tarar da tsaunukan murjani ba, domin ruwan gaɓar Afirka ta Yamma yana da laka da ruwan koguna, kuma a wasu watanni yakan yi sanyin da wannan halitta ba ta jure wa. Wanda ke son ganinsu da idonsa sai ya fuskanci gabas, ya yi tafiyar fiye da kilomita 3,000 har zuwa Bahar Maliya.

Kakanninmu sun yi wannan tafiya, dubbai a cikinsu, galibi a ƙafa, da niyyar sauke farali. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, gaɓar da suka tsaya a kanta suna jiran jirgin Jidda ita ce wurin da aka rubuta wasu muhimman babuka na tarihin nutso da kayan numfashi na zamani. Tsaunin murjani ɗaya ne ya haɗa waɗannan tarihohi biyu. Na waɗanda suka shiga ƙarƙashinsa da kyamara ya zama finafinai da littattafai da lambobin yabo. Na waɗanda suka ratsa ta samansa a cikin kwalekwale kuwa yana nan a warwatse, kuma masu riƙe da shi suna ƙarewa.

Murjani iri biyu

Kalmar murjani daga Larabci ta zo mana, kuma an ambace ta sau biyu a Suratur Rahman. Sai dai jan murjanin da ake jerawa a tsakiya a rataya wa amarya, wanda iyaye mata suka daɗe suna ajiyewa a matsayin dukiya, asalinsa Bahar Rum ne. A can yake tsirowa kamar ɗan reshe a jikin duwatsu masu duhu, a gaɓar Aljeriya da Tunisiya da Italiya. Masunta kan haɗa itace biyu a giciye, su ɗaura musu tsummokaran raga da dutse mai nauyi, su ja a ƙasan teku har rassan su karye su maƙale. Masanin ƙasa al-Idrisi, wanda ya kammala littafinsa a 1154, ya ba da labarin wata kasuwa a birnin Sabta da ke gaɓar Arewacin Afirka inda ake yanka murjani, a goge, a huda, kuma ya ce mafi yawansa Gana ta dā da sauran ƙasashen baƙar fata ake kai shi. Ta hanyar ayarin Sahara irin wannan kaya ya riƙa isowa kasuwannin Katsina da Kano.

Shekaru aru-aru masana na ɗaukar murjani a matsayin tsiro ko dutse. Sai a shekarun 1720 wani likita ɗan Marsai a Faransa, Jean-André Peyssonnel, ya lura da shi a gaɓar Arewacin Afirka, ya gane cewa abin da ake kira furanninsa ƙananan dabbobi ne masu motsi. Malaman Faris ba su yarda da shi ba a lokacin, amma gaskiyarsa ta tabbata daga baya.

Murjanin Bahar Maliya ɗan'uwan wancan ne, amma aikinsa daban. 'Yan mitsi-mitsin halittu ne da ke zaune jingim, kowace tana gina wa kanta gida da sinadarin alli irin na ƙwanson katantanwa. A cikin jikinsu akwai wata ƙaramar gansakuka da ke sarrafa hasken rana ta samar musu da mafi yawan abincinsu, shi ya sa ba sa rayuwa sai a ruwa mai ɗumi, garau, marar zurfi sosai. Idan wani zubi ya mutu, na baya sai ya yi gini a kan kufansa. A cikin dubban shekaru wannan gini yakan zama katanga mai tsawon ɗaruruwan kilomita, wadda kanta ke daf da saman ruwa, gefenta kuma ya gangara zuwa zurfi mai ban tsoro. Larabawan gaɓar suna kiran irin wannan katanga sha'ab. Inda ta tsage, galibi a bakin ƙoramun da ke gangarowa daga duwatsu, nan ake samun mashigar jirgi, wato marsa. Saboda haka murjani ne ya zaɓa wa mutane wuraren da za su kafa tashoshin jiragen ruwa a wannan teku.

Garin da aka haƙo daga teku

Matuƙan dā sun san haɗarin sha'ab sarai. Ibn Jubair, matafiyin Andalus, ya ƙetare daga tashar Aizab zuwa Jidda a 1183, kuma ya bayyana jiragen da ake ɗinke katakonsu da igiyar ɓawon kwakwa ba tare da ƙusa ba, da yadda masu su ke cusa mahajjata fiye da ƙima saboda kwaɗayin kuɗi. A kusa da gaɓa ba a tafiyar dare. Da rana ake tuƙi, mutum ɗaya na tsaye a goshin jirgi yana karanta launin ruwa: shuɗi mai duhu alamar zurfi, kore alamar tudu, ruwan ƙasa kuwa dutse ne da zai iya farke cikin jirgi.

Bayan Aizab ta mutu a ƙarni na 15, Sawakin ce ta gaje ta. Ƙaramin tsibiri ne zagayayye a ƙuryar wani siririn mashigi, wanda ya shiga hannun Daular Usmaniyya a ƙarni na 16, sannan ya koma ƙarƙashin Masar a 1865. Yankin ba shi da itacen gini, don haka magina suka juya ga teku. Sukan yanko tubalan murjani, su ƙona wani sashe su sami farar ƙasa, su tayar da benaye masu hawa biyu da uku, su yi musu tagogin katako masu sassaƙa da ake kira roshan. Haka aka gina tsohon garin Jidda a ɗaya gaɓar. Mahajjacin da ya fito daga ƙasar ginin tubali da azara, a gidan murjani ya yi ban kwana da Afirka, a gidan murjani kuma ya sauka a Hijaz.

Abin da ya ɗaukaka Sawakin shi ne ya kashe ta. Mashigin da ya wadaci jiragen filafilai ya yi wa manyan jirage masu tururi ƙunci, ga murjani na ci gaba da tsirowa a gefensa. Turawan Ingila da suka kama Sudan a 1898 sun zaɓi wata marsa mai faɗi da zurfi, kimanin kilomita 60 arewa, inda kabarin wani shehi mai suna Barguth yake. A 1905 aka fara aikin, layin dogo daga Atbara ya iso gaɓa a 1906, aka kuma buɗe sabuwar tashar a 1909 da sunan Bur Sudan, wato Port Sudan a bakin Turawa. Attajirai suka kwashe suka koma can. Ginin murjani kamar ginin ƙasa yake, yana buƙatar yaɓe a kai a kai. Da aka daina shafa masa farar ƙasa, sai iskar gishiri ta shiga cinsa, benaye suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya. Wani malamin zane, Jean-Pierre Greenlaw, ya auna gidajen ya zana su kafin su rushe, kuma littafinsa da ya fito a 1976 shi ne babbar shaidar yadda garin yake a dā. Aiki ɗaya kawai aka bar wa Sawakin: tara mahajjata da killace su don duba lafiya.

Masu tafiya gabas

Hanyar hajji ta gabas ta girmi zuwan Turawa, amma ta cika maƙil ne bayan 1903. A watan Yulin wannan shekara aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi, yana kan hanyar hijira. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da tafiya da sauran jama'a har suka zauna a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, a garin da har yau ake kira Mai Wurno. Daga nan hanya ta buɗe wa talakawa: Borno, Fort Lamy wadda yanzu ake kira Injamena, Abeshe, Jinaina, Fashir, Ubayyid, sannan Khartum da gaɓar teku.

Ba kowa ne ya bi ta nan ba. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya yi hajjinsa a 1921 ta jirgin ruwa mai tururi, ya biya ta Ingila. Manomi kuwa guzurinsa ƙarfinsa ne. Yakan yi noma a nan, ya yi dako a can, ya yi wanzanci ko ɗinki, ya tara abin da zai kai shi zango na gaba. Da aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, gonakin auduga na Jazira suka buƙaci hannaye masu yawa, haka ma na Kasala da na Tokar da ke kusa da teku. Duk wanda ya tashi a yankin Funtuwa ya san abin da cirar auduga ke nufi, kuma wannan sana'a ce ta riƙe dubban 'yan Afirka ta Yamma a Sudan. Tafiyar da aka yi niyyar gamawa cikin shekara biyu takan kai goma, wasu kuma har suka haifi 'ya'ya da jikoki ba su daina kiran kansu mahajjata ba. Masanin zamantakewa C. Bawa Yamba ya yi littafi sukutum a kan wannan hali na Hausawan Sudan a 1995. Su ne ake kira Takari ko Fallata.

Wanda ya isa gaɓa, saura masa kimanin kilomita 300 na ruwa. Daga shekarun 1920 gwamnatin mulkin mallaka ta tsaurara dokoki: fasfo, allurar rigakafi, kuɗin ajiya na komawa gida, da zaman killacewa a Sawakin, ga kuma harajin da ake biya a Jidda. Mai ƙaramin ƙarfi ba ya iya biyan waɗannan duka. Da yawa suka gangara kudu zuwa Masawwa a Eritiriya, wadda ke hannun Italiya a lokacin, ko kuma suka laɓe a wata marsa da ba kowa, suna jiran sambuk, wato jirgin katako mai filafilai, ya ɗauke su cikin dare ya sauke su a wani wuri kudu da Jidda. A nan dokar tsofaffin matuƙa ta karye, domin mai gudun jami'ai dole ya ratsa sha'ab a lokacin da ba a ganin launin ruwa. Wanda jirginsa ya daki dutse ba a rubuta sunansa a ko'ina ba, tunda dama ba shi cikin rajistar kowa. Wasu da suka tsira daga ruwa sun faɗa hannun masu cinikin bayi, sana'ar da ba a haramta ta a Saudiyya ba sai 1962.

Mutum ya goyi iskarsa

Nutso ba baƙon abu ba ne ga ɗan Adam. A Argungu, wasannin kabanci na Kogin Matan Fada sun haɗa da gwada wanda ya fi daɗewa a ƙarƙashin ruwa, kuma a Bahar Maliya masu neman lu'ulu'u da ƙwanson kawa sun daɗe suna kurme da numfashi ɗaya tal. A Dunguna, arewa da Bur Sudan, masanin halittun ruwa Cyril Crossland ya gudanar da gonar kawar lu'ulu'u ta gwamnati daga 1905 zuwa 1922. Iyakar mai kurme dai minti ɗaya ne zuwa biyu. Mai kwalkwalin tagulla da ake hura wa iska ta tiyo daga jirgi yakan daɗe, amma a ɗaure yake kamar akuya a turke.

Matsalar ita ce nauyin ruwa. Duk mita 10 da mutum ya gangara, matsin da ke kansa yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar sararin sama baki ɗaya, kuma huhu ba ya iya jan iska sai matsinta ya yi daidai da na ruwan da ke kewaye da ƙirji. A 1943, ana tsakiyar yaƙin duniya, hafsan sojan ruwan Faransa Jacques-Yves Cousteau da injiniya Émile Gagnan suka warware wannan. Gagnan ya riga ya ƙera wani bawul don motocin da aka mayar masu aiki da gas saboda ƙarancin fetur. Suka gyara shi ya zama na'urar da ke sakin iska daga tukunyar ƙarfe da mutum ya goya, a daidai lokacin da ya ja numfashi, kuma a daidai matsin zurfin da yake. Suka sa mata suna Aqua-Lung.

Akwai haɗari na biyu da ya fi ɓoyuwa. A ƙarƙashin matsi, iskar naitirojin tana narkewa a cikin jini da tsoka. Idan mutum ya taso da gaggawa sai ta yi kumfa, kamar lemon kwalba da aka girgiza aka buɗe, ta toshe jijiyoyi, ta shanye jiki ko ta kashe. Tun 1908 masanin Birtaniya John Scott Haldane ya fitar da jadawalin tsayawa zango-zango yayin tasowa, kuma a kan tushensa masu nutso ke tafiya har yau.

Wanda ya fara nuna wa duniya ƙarƙashin ruwan Bur Sudan ɗan Ostiriya ne, Hans Hass. Ya zo shi kaɗai a 1949, ya dawo da tawaga a 1950, ciki har da Lotte Baierl wadda ya aura daga baya. Fim ɗin da suka ɗauka ya sami lambar yabo a bikin finafinai na Venice a 1951. Gani ya kori ji: mutanen Turai suka kalli kifin shak da manyan kifaye masu fukafukai suna shawagi a kan lambunan murjani. Hass ya kuma ɗauki hoton Umbria, jirgin Italiya da ke ɗauke da bama-bamai kimanin 360,000, wanda kyaftin ɗinsa ya nutsar da gangan a bakin Bur Sudan ranar 10 ga Yuni, 1940, da ya ji a rediyo cewa ƙasarsa ta shiga yaƙi, don kada makaman su faɗa hannun Ingila. Cikin shekara tara murjani ya riga ya fara rufe ƙarfensa.

Ƙauye a ƙarƙashin ruwa

A tsakiyar 1963 Cousteau ya zo Sha'ab Rumi, arewa da Bur Sudan, da wani gwaji da ya kira Précontinent na biyu. Hikimar gwajin ita ce, idan mutum ya daɗe a zurfi ɗaya, jikinsa yakan ƙoshi da iskar da ke narkewa, daga nan kuma lokacin da zai ɓata wajen tasowa ba ya ƙaruwa, ko kwana ɗaya ya yi ko wata guda. Saboda haka ya fi riba a zaunar da ma'aikaci a ƙasa ya gama aikinsa, sannan a fito da shi sau ɗaya. Aka kafa gidan ƙarfe mai siffar tauraro a zurfin mita 10, inda rukunin mutane suka zauna kwana 30, da ɗakin kwana da kicin, har da aku. Mutum biyu suka yi mako guda a wani ƙaramin ɗaki a zurfin kusan mita 30, suna shaƙar iskar da aka gauraya da hiliyom. Aka kuma gina rumfar ajiye ƙaramin jirgin ƙarƙashin ruwa, wadda har yanzu tana nan, murjani ya lulluɓe ta. Fim ɗin wannan gwaji ya ci kyautar Oscar a 1965.

Kamfanonin man fetur na Faransa na cikin waɗanda suka ɗauki nauyin aikin, kuma su ne suka fi cin moriyarsa. Wannan dabara ce masu gyaran bututu da rijiyoyin mai na cikin teku ke amfani da ita a yau, har da na Najeriya. A watan Mayun 2013, da jirgin Jascon-4 ya kife a gaɓar Neja Delta, irin waɗannan masu nutso ne suka tarar da kukun jirgin, Harrison Okene, da ransa a wani lungu da iska ta maƙale, bayan kusan awa 60 a zurfin mita 30. Ba su fito da shi kai tsaye ba, domin hakan zai iya kashe shi. Sai da ya ƙara kwanaki a ɗakin sassauta matsi.

A shekarun da Hass da Cousteau ke wannan aiki, Hausawa na nan a Bur Sudan da Sawakin suna dako da ƙananan sana'o'i, wasu suna jiran jirgi. A daidai lokacin ne kuma jiragen sama suka fara kwasar alhazai daga Kano zuwa Jidda cikin sa'o'i, hanyar ƙasa ta fara mutuwa. Alhajin yau yana wuce Bahar Maliya ta sama, kuma in ya leƙa taga da rana zai ga wasu zane-zane kore da fari a cikin shuɗin ruwa. Su ne sha'ab ɗin da suka tsorata kakanninsa.

Abin da ke hannunmu

A 1990 Sudan ta ayyana Sanganeb, wani zoben murjani mai hasumiyar fitila a tsakiyar teku, a matsayin wurin da aka keɓe. A 2016 hukumar UNESCO ta sa shi tare da Dunguna cikin wuraren tarihi na duniya, a shekarar da ta karɓi bikin kamun kifi na Argungu cikin jerin al'adun gado. A ruwan Dunguna akwai wata dabba 'yar'uwar ayun da masuntanmu suka sani a Neja da Binuwai. Barazanar da murjanin ke fuskanta yanzu ita ce zafi. Idan ruwa ya ɗara ɗuminsa na al'ada da digiri ɗaya kacal na tsawon makonni, halittun sukan kori gansakukar da ke ciyar da su, su yi fari fat, in zafin ya daɗe su mutu. An ga haka a faɗin duniya a 1998, da 2010, da 2014 zuwa 2017, kuma a Afrilun 2024 aka sanar da karo na huɗu.

A kan tudu kuma yaƙi ne. Da faɗa ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilu, 2023, sai Bur Sudan ta zama mazaunin gwamnati na wucin gadi da mafakar masu gudu, kuma ta nan aka kwaso wasu daga cikin ɗaliban Najeriya. An wawashe gidan tarihi na ƙasa a Khartum. Jikokin mahajjatan, waɗanda rikicin jihar Shuɗin Nilu na 2022 ya nuna cewa har yanzu ana yi musu gorin asali, suna cikin waɗanda yaƙin ya tarwatsa.

Zafin teku da yaƙin Sudan sun fi ƙarfin mai karanta wannan maƙala. Tarihin masu tafiya gabas kuwa bai fi ƙarfinsa ba. Takardun hajji na zamanin Turawa suna ajiye a Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, na ɓangaren Sudan kuma akwai tarinsu a Jami'ar Durham ta Ingila, amma waɗannan muryar jami'ai ce: adadi, haraji, da koke kan masu ƙetarewa ba izini. Muryar matafiyan kansu tana wurin tsofaffin da suka ji daga bakin iyayensu wane ne ya tafi, da wace shekara, ta wane zango, wa ya dawo bayan shekara goma sha, wa aka daina jin ɗuriyarsa daga Ubayyid ko Sawakin. A Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, inda rashin tsaro ya tashi ƙauyuka da dama ya raba tsofaffi da gidajensu, wannan ilimi ya fi saurin salwanta fiye da ko'ina. Malamin makaranta ko ɗalibin jami'a mai waya a aljihu zai iya zama da kakarsa na awa ɗaya, ya naɗi sunayen da zangunan, ya rubuta su, ya kai kwafi sashen tarihi na jami'a mafi kusa da shi.